Yadda na zama "tio" a ƙasar Fotugal

Yau kwana huɗu da dawowata, amma har yanzu gwiwoyina ba su yafe min tudun Coimbra ba. Yayata ce ta aike ni. Autanta ya kammala digiri na uku a jami'ar garin, za a zauna ya kare kundinsa a gaban malamai. Mahaifinsa ya rasu shekara shida ke nan, baffanninsa kuma kowa ya kawo uzurinsa. Ta kira ni ta ce, "Kai ne kawunsa, kai za ka je ka tsaya masa." Ba a ja da Yaya. Na miƙa wa yaran shago makulli na kama hanya.

Ba zan ɓata muku lokaci da labarin jirgi ba. Ta Kasablanka muka bi, muka sauka Lisbon da hantsi, Auta ya tarye ni, muka hau jirgin ƙasa, cikin awa biyu muna Coimbra. Abin da ya tsaya min a rai a hanyar shi ne kofi. Ɗan kofin bai kai murfin fulas ba, kurɓa biyu ka ga gindinsa, wai yuro ɗaya. Yuro ɗaya kuwa ya haura naira dubu ɗaya da ɗari biyar. Na yi wa kaina alkawari zan daina lissafi da naira don kada jinina ya hau a ƙasar mutane. Alkawarin bai kai la'asar ba.

Kunyar farko a masauki na sha ta. Kafin tafiya na yi sati biyu ina haddace kalmomi a waya, na riƙe pai uba, mãe uwa, pais iyaye. Saurayin da ke karɓar baƙi ya turo min takarda, bai amsa gaisuwata ba, bai ma ɗago kai ba. Na ga layi an rubuta País, na ce a raina lallai mutanen nan sun san darajar iyaye, na zauna na rubuta sunan mahaifina da na mahaifiyata, har da Allah ya jiƙan su a zuci. Ya dawo min da takardar da bakin biro yana ƙwanƙwasa wurin, "País! País!" Na ce ai ga su nan. Auta ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Ashe ɗan karan da ke kan i ɗin shi ne maganar: pais iyaye, país ƙasa. Kamar dai baki da baƙi a wurinmu, lanƙwasa ɗaya ta raba su. Kuskuren nawa ne, na yarda, amma ɗaki yuro hamsin da biyar a kwana ai ya isa a haɗa wa mutum da sannu da zuwa. A Kano ko mai gadi sai ya tambaye ka hanya.

Washegari Auta ya kai ni gidan da yake haya, in gaisa da mai gidan. Dattijuwa ce gajeriya mai farin gashi, ta yi shekara talatin da wani abu tana koyar da Fotugis da Latin a sakandare. Malama nake ce mata. Ta nufo ni za ta sumbace ni a kumatu biyu kamar yadda suke gaisawa, ni kuwa Auta ya riga ya gargaɗe ni, na dafa ƙirji na rusuna. Ta gane, ta yi dariya, ta dafa nata. Auta ya ce mata, "O meu tio," wato kawuna ne, sai dai su kalma ɗaya ce ga kawu da baffa. Sai ta tambaya, "Ɗan'uwan uwa ko na uba?"

Nan tsohon malamin da ke cikina ya farka, don na yi shekara tara ina koyar da Hausa kafin kasuwa ta ɗauke ni. Na ce wa Auta ya faɗa mata mu ba ma buƙatar wannan tambaya. In an ce kawu an gama magana, ɗan'uwan uwa ne. Na uba baffa ne, 'yar'uwar uba gwaggo, 'yar'uwar uwa inna. Idonta ya yi haske. Ta jawo takardar kuɗin wuta ta juya bayanta ta rubuta kalmomi huɗu: patruus, avunculus, amita, matertera. Ta ce kakanninsu Rumawa haka suke, huɗu cif kamar namu. Patruus baffa, avunculus kawu, kuma asalin ma'anarsa ƙaramin kaka, amita gwaggo, matertera inna. Har ta ce a rubuce-rubucen Rumawa baffa shi ne abin misali wajen faɗa da tsawatarwa. Na ce Malama, ko a unguwarmu kika girma? Baffa shi ke ba da aure, shi ke zare ido. Gidan kawu kuwa can yaro ke gudu in ya yi laifi.

To ina kalmomin suka tafi? Ta ce a ƙarshen zamanin Rum mutanen yankinsu da na Sifaniya da Italiya suka ari wata kalmar Girkanci, theios da theia, ta haɗiye huɗun duka, ta zama tio da tia. A ganinta doka ce ta share mata hanya. Da can gado da riƙon maraya ta ɓangaren uba suke bi, dole harshe ya bambanta dangin uba da na uwa. Sannu a hankali dokar ta yi laushi, har a 543 sarkin Rum ta Gabas, Justiniyan, ya soke bambancin a rabon gado. Faransawa kuma sun ɗauki biyu suka zubar da biyu: avunculus ya zama oncle, amita ta zama tante, Ingilishi suka karɓa daga wurinsu. Na yi shiru ina lissafi. Wato ankul da anti da yaranmu suka ɗauko suna liƙa wa kowa, har mai sayar da kati, asalinsu kawu ne da gwaggo, sun yi yawon duniya sun dawo mana ba su san ɓangarensu ba. Ranan nan a gidan biki na ji yarinya ta ce wa ƙanwar babarta anti, ta ce wa ƙanwar babanta anti, ta ce wa mai kwalliya anti. In za a kai kayan lefe, wace antin za a kira?

Na ce wa Malama ci ɗaya muna da shi. Ta ce wasa bai tashi ba, in zo ƙauyensu ran Lahadi.

Ƙauyen bai fi rabin awa a mota ba. Rabin gidajen a rufe suke, masu su suna Faransa ko Suwizalan ko Lisbon, tsofaffin da suka rage kuma da yawa an kai su gidan kula da tsofaffi, wanda suke kira lar, kalmar da asalinta ke nufin murhun gida. Wannan ya dame ni, ban ɓoye ba. Amma gidan Malama a cike yake: mijinta, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, ɗansu da matarsa 'yar Barazil, jikoki uku, da wani ƙanin mijin da ba ya magana sai ci. Da farko ta so ta yi min chanfana, abincin alfaharin yankin, naman akuya. Na yi murna, sai Auta ya raɗa min cewa a cikin jar giya ake dafa shi tun daga farko har ƙarshe. Malama da kanta ta riga ta gane, ta sauya zuwa bacalhau, busasshen kifi mai gishiri da akasari daga Norwe suke sayo shi, ɗan'uwan wanda 'yan kudu ke sa wa a miya. Ta gasa shi da dankali da tafarnuwa, ta malala masa man zaitun ɗin gonarsu. Ta ware min tukunya da cokali daban ba tare da na roƙa ba, ta kuma nuna min ɗaki mai tsabta in yi azahar. Allah ya saka wa matar nan da shiriya da alheri.

A teburin ta rama cinta. Na so in burge jikokin, na nuna maigidan na ce avó. Yara suka fashe da dariya har ɗaya ya ƙware. Ashe na kira shi kaka mace. Namiji avô ne, a tsuke baki, mace avó, a buɗe shi. Na gwada sau biyar, kunnena bai ji bambanci ba. Malama ta ce ku fa? Na ce kaka, mace da namiji. Ta ɗaga yatsa: ɗaya da ɗaya. Dukansu daga avus suka fito, kakan Rumawa. Na farfaɗo da wa da ƙane, ya da ƙanwa, don su irmão ne kawai da irmã, sai sun ƙara "mafi tsufa" ko "mafi ƙuruciya" kafin ka san wa zai ɗauki buta. Ta sake kayar da ni a surukai: sogro, sogra, genro, nora, kowa da sunansa tun daga Latin, mu kuwa suruki da suruka sun ɗauke mai bayarwa da mai karɓa. Da aka zo kan bisneto, wato jika sau biyu, na ce mu tattaɓa-kunne muke cewa. Auta ya yi ta fama ya fassara, ƙarshe ya kama kunnen ƙaramin jikan yana tattaɓawa. Malama ta rubuta shi a littafinta.

Labarin irmão ya fi kowanne daɗi a wurina. Kalmar Latin ta ɗan'uwa frater ce, ta 'yar'uwa soror. Faransawa da Italiyawa sun riƙe frater, mutanen Fotugal kuwa coci ta karɓe musu. Ta zama frade, sunan mazajen da suka keɓe kansu a gidajen ibada, soror ta koma kan mata masu irin wannan rayuwa. A gida sai aka koma ga frater germanus, ɗan'uwa na iri ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya, abin da muke ce wa shaƙiƙi. Aka yar da frater, germanus ya lalace a baki ya zama irmão. Haka uba da uwa: a tsofaffin takardunsu padre da madre ne, yau padre limamin coci ne, madre shugabar mata masu ibada, na gida suka gajarce suka zama pai da mãe. Na ce irmão, iri, ai wannan namu ne. Ta ce kada in soma, kamannin sauti ba dangantaka ba ne, ɗalibanta ma jan biro take sa musu a kan haka. Na bayyana mata namu: ɗan'uwa ɗan uwa ne, ɗan uba kuma in ka ji an ce ana 'yan ubanci, to ba zumunci ake yi ba. Sai da Auta ya yi bayanin kishiya kafin ta gane, ƙanin mijin nan da ba ya magana ya ajiye cokali ya tambaya, "Huɗu?"

Wasu kalmomin sun yi ƙaura daga ɗaki zuwa ɗaki. Sobrinus a Latin ɗan inna ne ko makamancinsa, tsaranka a dangi, yau sobrinho shi ne abin da Auta yake a wurina. Primo, ɗan baffa ko ɗan kawu, ma'anarsa "na farko" kawai, guntun consobrinus primus ne aka ci gaba da wutsiyar aka bar kan. Cunhado, mijin 'yar'uwa ko ɗan'uwan mata, daga cognatus yake, wanda ke nufin ɗan'uwa na jini, ga shi ya koma kan wanda ba jini ko ɗigo. Ita kanta família daga famulus ta fito, bara, wato duk wanda ke ƙarƙashin maigida har bayi. Wadda ta taɓa ni ita ce enteado, daga ante natus, "wanda aka haifa kafin". Agola ke nan. Tasu ta fi tamu tausayi, don tana faɗin lokacin haihuwarsa ne kurum, tamu kuwa ana iya zagin mutum da ita.

Matar ɗan ta tambayi me ya sa nake ce wa yaron Auta alhali ba sunansa ba ne. Da aka faɗa mata ta ce, "A, caçula!" Malama ta ce a Fotugal benjamim ake cewa, daga Binyaminu ƙanin Annabi Yusuf. Caçula kuwa daga Kimbundu take, harshen Angola, ta ƙetare teku a bakin bayin da aka kai Barazil. Ban san lokacin da na ajiye cokali ba. Matan da aka raba da nasu 'ya'yan, aka sa su renon na wasu, su suka bar wa ƙasar sunan ɗan lelen gida. Matar ɗan ta ƙara da cewa a wurinsu a Barazil in yaro ya ci sunan kakansa sai a liƙa masa Neto, jika, a ƙarshen suna, in na ubansa ne Filho ko Júnior, kamar Neymar. Na ce mu ma muna mayar da suna, amma sai mu ɓoye shi, mu ce Abba ko Ummi, don uwa ba za ta iya kwala wa sunan surukinta kira a tsakar gida ba.

Wannan kunyar kam babu ita a can. Surukar tana zaune kafaɗa da kafaɗa da uban mijinta, suna musu a kan ƙwallo, tana ɗaukar zaitun daga farantinsa. Bayan cin abinci ya ja ni bayan gida ya nuna min tsohuwar rijiya da wani ƙarfen juyi mai jerin gugaye, wanda da jaki ko alfadari ke zagayawa da shi a rufe da ido yana ɗebo ruwa. Ya ce sunansa nora, ya nuna surukarsa ya ce ita ma nora, duka biyun yini suke suna zagaye suna ƙara. Ta jefe shi da tsumman hannu. Na dubi ƙasa, ni na ji musu kunyar. Malama ta ce kalmomi biyu ne suka yi karo: ta suruka daga nurus ta Latin, ta rijiya daga Larabci, na'ura. Na ce me? Na'ura! Kalmar da muke kiran inji da ita, har na'ura mai ƙwaƙwalwa, ga kakarta nan ta yi tsatsa a bayan gidan wani tsoho a Turai. Suna ma da karin magana, andar à nora, ga wanda ya rikice yana ta zagaye bai san inda ya dosa ba, kamar ni a gaban takardar masauki.

Musulmi sun yi mulki a sassan ƙasar daga 711 har 1249 da aka karɓe Algarve, wadda sunanta ma al-Garb ne, yamma. Coimbra ta fita hannunsu tun 1064, amma ƙofar tsohon garin har yau Almedina ake ce mata. Azeite man zaitun, arroz shinkafa, açúcar sukari, aldeia ƙauye, duk Larabci ne, kuma in suna fatan abu sai su ce oxalá, ba su san sunan Allah suke kira ba. Ina jin maigidan yana ta fulano, fulano, na ɗauka labarin Fulani ya iso har nan, ashe fulan ce ta Larabci, wane. Amma a sunayen dangi na kusa babu Larabci ko ɗaya. Ya shiga madafa da gona da kasuwa, ya tsaya a bakin ƙofar ɗaki. Mu kuwa iyali da zuriya da Abba da Umma duk mun shigo da su har ƙuryar gado.

Ran Talata Auta ya kare kundinsa. Malamai cikin baƙaƙen riguna suka yi ta yi masa tambayoyi fiye da awa biyu, ban fahimci komai ba sai fuskarsa, ya ci. Na kira Yaya ta yi ta kuka a waya. Jami'ar tun 1290 aka kafa ta, ta zauna a Coimbra dindindin a 1537, ɗalibai na yawo da baƙar alkyabba a cikin rana. Wani ɗan ƙasar ya rungume Auta yana ce masa padrinho, ƙaramin uba, don shi ya riƙe shi lokacin da ya shigo jami'a, kamar uban ɗaki. An kai ni tsohon ɗakin karatun da jemagu ke kwana a ciki suna cinye ƙwarin da ke cin littattafai, sai da na biya kuɗin shiga na ga gidan jemage. A cocin Santa Cruz na ga kabarin sarkinsu na farko, Afonso Henriques. Wannan -es ɗin ɗan ne, ɗan Henrique, kamar Rodrigues da Fernandes, kamar yadda muke cewa ɗan Fodiyo.

Kwana biyun ƙarshe a Lisbon muka yi. Na yi Juma'a a babban masallaci, na ci shinkafa da kaza a wurin 'yan Bangaladash a Mouraria. A wani fili kusa da Rossio inda 'yan Gini Bisau ke taruwa na ga goro a faranti, na tsaya kamar na ga ɗan garinmu. Auta ya ce, "Kawu, kada ka saya, da tsada." Dattijon mai goron ya ɗago kai. "Kaawu?" Ya tambaya ko ni Bafulatani ne, don a harshensu ɗan'uwan uwa kaawu ne, na uba bappa. Na san wannan tun ina koyarwa, kawu da baffa da gwaggo daga Fulatanci muka aro su, amma a gaban Malama ban faɗa ba, na bar ta tana jin kunyar aron tio daga Girkawa. Ya ƙara min goro biyu kyauta saboda kawuntaka. Da daddare na sa Auta ya rubuta mata saƙo in amsa laifina. Ta amsa da kalma ɗaya da ya fassara min: kunnen doki.

Ran Asabar a kasuwar gwanjo ta Feira da Ladra na taya jakar hannu ta ɓawon itacen da suke yin murfin kwalba da shi, mai ita ta ce yuro talatin, na ce goma, ta kalle ni kamar na zagi avó ɗinta. Muka daidaita a ashirin da biyu. Unguwar Belém ta Lisbon na gan ta ta tagar mota. Algarve ban je ba, kuɗi sun ƙare.

Na iso gida da daddare, 'ya'yan ƙanena suka rugo da gudu, "Ankul oyoyo! Ankul oyoyo!" Na zauna a kan akwatin na ce ba mai ganin tsaraba sai ya kira ni da sunan da nake a wurinsa. Manyan suka dubi juna, ta tsakiyar ta ce Kawu, babarsu ta gyara mata daga madafa. Ƙaramin ya matso ya dafa gwiwata mai ciwo ya ce, "Ankul Baffa, buɗe."